Inda Gwajin Tazarar Masara Ya Kai

'Yan'uwa masu koyon noma, masarar da na raba gida biyu a bana ta kai lokacin da ƙwaya ke cika a goyo, kuma bambanci ya fara bayyana. A ɓangare na farko na bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da santimita 25 tsakanin tsiro da tsiro, wato kimanin tsirrai 53,000 a hekta ɗaya. A na biyu na matse tazarar tsiro da tsiro zuwa santimita 20, adadin ya haura 66,000.

Daga nesa, ɓangaren da ke da cunkoso ya fi ban sha'awa saboda tsayinsa, amma tsayi ne na neman haske. Idan tsirrai suka yi wa juna inuwa, kowanne yakan miƙe sama, gaɓoɓinsa su yi tsawo, karan ya sirance, ɓawonsa ya yi laushi, goyon kuma ya ɗaure a can sama inda nauyinsa ke ba iska damar karya shi. Akwai kuma abin da ido ba ya gani: idan ganyen ƙasa ba ya samun rana, tsiron yakan janye abincin da ya tara a cikin kara domin ya cika ƙwaya, sai karan ya zama holoƙo, ruɓa da tsutsa mai huda kara su same shi ba ƙarfi. Yawan takin yuriya tare da ƙarancin takin fotash yana ƙara dagula lamarin.

Ya kamata mu bambanta karyewar kara, wadda ke faruwa a ƙasa da goyo, da kwanciyar tsiro tun daga saiwa bayan ruwa da iska. Huɗa tana taimakawa a kan ta biyun, amma ba ta hana ta farkon.

Yanzu ina bin layi ina matsa gaɓar ƙasa da yatsu, ina kuma tura karan gefe in ga ko zai dawo tsaye. Waɗanda suka lotse sun fi yawa a ɓangaren cunkoso, don haka shi zan fara girbewa da zarar ƙwayar ta nuna, ko da zan ƙarasa shanyar a waje. A ganina, matse tazara sai ga mai irin da aka san karansa da ƙarfi, wanda kuma takinsa ya daidaita. Awon amfanin kowane ɓangare zai biyo bayan girbi.