Ƴar rinar tawa ta daina bin hagu

Jiya da hantsi, karon farko cikin mako uku, wata macen ƴar rina ta iso mararrabar bututun gwajin wari da na haɗa, ta tsaya tana kaɗa ƴan ƙahonninta, sannan ta karkata dama, ɓangaren da na sa zangarniya mai murzuna, tsutsar nan mai cin zangarniyar hatsi. Kabbarar da na yi sai da uwargida ta leƙo ta ga ko lafiya.

Ku da muke wannan kiwo tare ba sai na tsaya bayanin Habrobracon hebetor, ƴar rinar da ke harbin murzuna ta kashe ta, ba, ko yadda ake renonta a kan tsutsar Corcyra, mai cin hatsin ajiya, cikin garin hatsi, ko ƴan buhunan garara da masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maradi suka koya wa manoma ratayewa a gonaki. Kiwon nawa yana tafiya, kwana goma ko ƙasa da haka sabbi sun fito. Abin da ya hana ni barci daban ne: in gani da idona ko wari take bi ta iske tsutsa, ko dace ne kawai. Shi ya sa na haɗa bututu mai reshe biyu, da famfon iska irin na tankin kifi, da kwalbar gawayi mai tace iska, da kwalbar ruwa don ɗanshi.

To, duk wadda na saka sai ta bi hagu. In zangarniya tana hagu, hagu. In na mayar da ita dama, hagu. Ranar da na bar rassan biyu fanko ma hagu suka bi, kamar an yi musu kiranye.

Na fara zargin haske, kuma da gaskiyata, don taga tana wannan ɓangaren, su kuwa haske yana jansu. Na kifa kwali a kan kayan, na huda sama, na rataya ƙwan fitila ɗaya daidai tsakiya. Abin ya ragu, bai bari ba. Sai na ce ƙila iska ta fi ƙarfi a reshe ɗaya. Nan na tafka wautar da har yanzu nake jin kunyarta: na kunna turaren tsinke don in ga tafiyar hayaƙi a ciki. Na gani kuwa, hagu ya fi ja. Amma mutumin da ke gwajin wari ya cika kayan aikinsa da turare! Kwana huɗu ba wadda ta yarda ta taka, sai su lafe a bakin bututu suna goge ƙahonni. Don Allah ku yi da zaren auduga a bakin kowane reshe, ya isa ya nuna muku.

Na daidaita iskar da ɗan matsewa a tiyo, na wanke komai da sabulu, har yanzu hagu. A nan na kusa tattara kayan in ba yara su yi wasa. Abin da ya cece ni, wata rana ina kwance tiyon hagu na kai shi hanci ba da niyya ba, sai na ji warin garin kiwo, wannan tsami-tsamin na kashin Corcyra. Ashe gwajin farko da na taɓa yi, garin na zuba a kwalbar hagu, roba ta sha warin ta riƙe. Ni sai na manna hanci nake ji, su kuwa tun daga mararraba. A cikin warin nan aka haife su, a cikinsa suka fara harbin tsutsa, me zai sa su kula zangarniyata? Tun 1988 Lewis da Tumlinson suka nuna a Amurka cewa wata ƴar rina tana koyon wari, har ƙamshin banila ta bi bayan an haɗa mata shi da kashin tsutsa. Na san wannan sarai, bai hana ni ɓata mako uku ba.

Sabulu ba ya fitar da wari daga roba. Dole na sayi bututun gilas, jika goma sha biyu har da kuɗin mota, kuma na ji su a jikina, ana tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa. Tiyo sabo ƙal, kowane wari da nasa, na ɗaura musu zare mai launi. Bayan kowace mace biyar ina goge gilas da alkol, in shanya, in sauya ɓangare. Mata kaɗai nake sakawa, ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka kwana biyu suna shan ruwan zuma. Namiji ɓata lokaci ne.

Jiya da yau na gwada ashirin. Goma sha huɗu sun bi zangarniya mai murzuna, ko tana hagu ko tana dama, huɗu sun bi lafiyayya, biyu sun ƙi motsi. Ashirin ba yawa ba ne, na yarda, amma ni na san abin da na gani.

Yanzu so nake in raba warin gida uku, don zangarniyar da na saka tana ɗauke da tsutsar, da kashinta a cikin murɗaɗɗen layin nan da take yankawa, da kuma raunin hatsin kansa. A 1990 Turlings da abokan aikinsa sun nuna masara ba ta sakin warin kiran rina sosai in an karce ta kawai, sai an shafa yawun tsutsa a raunin. Zan karce zangarniya da reza, in kakkaɓe kashin a wata kwalba, in ware tsutsar ita kaɗai, in ga wanne ya fi jansu.

Sai dai hatsina ya fara bushewa, murzuna kuma ta fara sauka ƙasa, in ta shige sai baɗi. Wanda ya yi shuka a makare kuma yana da zangarniya mai tsutsa a ciki, ya taimaka ya yanko mini ko biyar ne, a buhun takarda, kada a leda.