Kawu ya ce jirgin nake tuƙawa?

Na zo hutu Yamai. Jiya muna shan shayi ƙofar gida, Kawu ya ce: "Kai ɗana, tuƙa jirgin kake ko ƙera shi?" Na ce ko ɗaya, Kawu. A Tuluz ta ƙasar Faransa nake, ina rubuta manhajar da ke kai umarnin matuƙi ga fukafukan jirgin sama.

Rubutun ma shi ne ƙaramin aiki. Layi goma da safe, wata guda ana gwada su. Ƙa'idar DO-178C, wadda ake bi wajen tabbatar da ingancin irin wannan aiki, ta kasa manhajar jirgi mataki biyar, A zuwa E. Ta matakin A in ta kuskure, rayuka ne, shi ya sa kowane sharaɗi da ke cikin manhajar sai an gwada shi shi kaɗai, kuma wani ne zai duba, ba kai ba.

Yaran da nake horarwa duk sun gaji da labarin Ariane 5 a bakina. A 1996 rokar ta tarwatse ko minti ɗaya ba ta yi a sama ba, don an ɗora mata manhajar Ariane 4, rokar da ta gabace ta, wata lamba mai bit 64 (bit shi ne ma'aunin gurbin da lamba ke ci a kwamfuta) ta ƙi shiga gurbi mai bit 16.

Tun da aka ƙara mini girma, rabin yinina duba aikin wasu ne, ina cewa a sake.