Hayar fulat ga masu karɓar tallafin gwamnati a Manchesta

Sana'ata bayar da hayar gidaje ce a yankin Manchesta, arewacin Ingila. Kamfanin ƙarami ne: ni da ƙanena da wata baiwar Allah da ke riƙe mana lissafi. Fulat kaɗan ne namu, sauran na mutane ne da suka damƙa mana amana, wasunsu ma suna Kano ko Abuja, sai dai waya. Galibin 'yan hayarmu gwamnati ce ke taimaka musu da kuɗin haya. Dillalai da yawa gudunsu suke yi. Mu kuwa da su muka kafu, kuma har yau ban ga abin gudu ba, muddin mutum ya san yadda kuɗin ke tafiya.

Wanda ya saba da yadda ake yi a gida, inda mai gida ke karɓar kuɗin shekara guda ko biyu kafin ya miƙa makulli, sai ya sake lale in ya zo nan. Wata-wata ake biyan haya, tallafin kuma a baya yake zuwa, bayan an riga an zauna. Tun watan Afrilun 2008 aka mayar da ƙa'ida a riƙa ba ɗan hayan kuɗin a hannunsa, shi kuma ya biya mai gida. Daga 2013 aka soma haɗe tallafin masu shekarun aiki wuri guda a tsarin Universal Credit, wanda ma'aikatar ayyuka da fansho ke biya sau ɗaya a wata, kuma mai sabon nema sai ya jira kusan mako biyar kafin kuɗin farko ya shigo. Tsofaffi 'yan fansho kuwa suna nan kan tsohon tallafin haya na ƙaramar hukuma, wanda in mai gida ake biya kai tsaye, galibi duk mako huɗu ake yi. Wato biya 13 a shekara, alhali watannin haya 12 ne. Wanda bai san wannan ba, duk wata zai ga kamar an rage masa kuɗi, har ya fara yi wa tsoho kallon mai taurin bashi, alhali in shekara ta zagayo lissafin daidai yake fita.

Inda aikin yake da gaske shi ne wajen ma'auni. Gwamnati ba ta biyan duk abin da mai gida ya yanka. Kowane yanki yana da iyakarsa, kuma ga yadda ake fitar da ita: a jera gidajen haya ɗari daga mafi arha zuwa mafi tsada, a tsaya kan na talatin. Kafin 2011 a tsakiya ake tsayawa, kan na hamsin. Ko wannan na talatin ɗin ma ba kullum ake binsa ba. An daskarar da kuɗin daga 2016 zuwa 2020, aka ɗaga shi a Afrilun 2020, aka sake barinsa tsaye har Afrilun 2024, sannan a 2025 ba a ƙara ko kwabo ba. Haya kuwa ba ta jiran kowa, kullum gaba take yi. Giɓin da ke tsakani, daga kuɗin abinci da na wuta ɗan haya ke cike shi.

Shi ya sa ba na ba kowa makulli sai mun zauna da takarda da biro, yawanci a teburin kicin na fulat ɗin da ya zo gani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zan tambayi mutum su wa za su zauna da shi, da shekarun kowa, domin da su ake ƙidaya ɗakunan da gwamnati za ta biya. Mata da miji ɗaki guda. Yara biyu da ba su kai shekara goma ba ɗaki guda, ko da namiji ne da mace. Yara biyu jinsi ɗaya ɗaki guda har su kai sha shida. Wata mata ta zo mana da ɗanta mai shekara tara da 'yarta mai bakwai, ranta na kan wani gida mai ɗaki uku. Na juya mata takardar ta gani da idonta: yanzu kuɗin ɗaki biyu za a ba ta, sai yaron ya cika goma ta cancanci na uku. Ta yi shiru tana danna lissafi a waya, ta ɗago ta ce za ta ɗauki ƙaramin. Da yaron ya cika goma, mu muka nemo mata babban.

Wanda ya fi shan wuya shi ne mai zama shi kaɗai da bai kai shekara 35 ba. In ba yana cikin waɗanda aka keɓe ba, kamar masu wata nakasa, kuɗin ɗaki guda a gidan haɗaka kawai ake ba shi, ko da fulat ya kama shi kaɗai. A ce, misali, hayar fam 700 ce, tallafin kuma bai wuce 400 ba. Sa irin wannan yaro a fulat ɗin cutarsa ne, ba taimako ba, domin kafin wata uku bashi ya danne shi. Gara in faɗa masa gaskiya tun daga bakin ƙofa. In kuwa giɓin kaɗan ne, nakan roƙi mai gida ya sauko. Fulat ɗin da ya yi wata guda a kulle ya fi cin kuɗi a kan ragin fam talatin duk wata, ga harajin ƙaramar hukuma da ke komawa kan mai gida in babu kowa a ciki.

Wani abin da mutane ba su sani ba shi ne da yawan masu karɓar tallafin nan aiki suke yi: masu kula da tsofaffi, masu shara, ma'aikatan sito. Tallafin cike musu yake yi, kuma bayan wani ɗan rangwame da wasu ke samu, duk fam ɗaya da mutum ya samo a aiki ana rage masa kwabo 55. Wanda ake biyansa albashi mako-mako ko duk mako huɗu, wani watan albashin zai taru a lissafin wata guda, sai tallafin ya faɗi warwas a wata na gaba. In haya ta makara, nakan fara tambayar wannan kafin komai. In bashi ya kai na wata biyu, mai gida yana da damar neman a riƙa turo masa kuɗin kai tsaye, a kuma riƙa cire wani abu daga tallafin don rage bashin. Ni ba na son a kai can. Wanda na ga riƙon kuɗi yana masa wuya, tun farko muke neman a yi masa wannan tsari da yardarsa, shi ma hankalinsa ya kwanta.

Masu gidan ma akwai aiki a kansu. Wani dattijo da muke kula masa da fulat ya kira ni daga Abuja ya ce, "Malam, ni fa ban son 'yan tallafin nan, a samo mini ma'aikaci." Na ce, "Ranka ya daɗe Alhaji, ma'aikacin yau ana iya sallamarsa gobe, kuma in aka sallame shi, tallafin nan zai nema." Na kuma gaya masa doka ba ta bar mana wannan zaɓi ba. Tun Yulin 2020 wata kotu a birnin York ta yanke cewa ƙin mutum don kawai yana karɓar tallafi wariya ce, tunda mata da naƙasassu ta fi shafa. Dokar haƙƙin 'yan haya ta 2025 kuma ta haramta shi ƙarara, har da ƙin masu yara. A da wasu masu gidaje suna da uzuri, domin bankunan da suka ba su bashin sayen gida da kamfanonin inshora sukan gindaya sharaɗin kada a sa mai tallafi. Manyan bankuna da dama sun janye wannan sharaɗi a 2019. Abin da ya rage yanzu yawanci zato ne kawai.

'Yan'uwanmu da suka zo da bizar karatu ko ta aiki su sani cewa yawancinsu an rubuta musu ba su da damar cin kuɗin gwamnati, don haka wannan tallafi bai shafe su ba, kuma nemansa na iya jawo musu matsala a takardun zama.

Sauran aikin duk na yau da kullum ne: duba iskar gas kowace shekara, wayoyin lantarki duk shekara biyar, kuɗin ajiya da ɗan haya ke bayarwa saboda ɓarna ko bashi kada ya wuce hayar mako biyar, a kuma kai shi asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Abin da ya fi ci mini rai shi ne danshi. Gidajen yankin nan tsofaffi ne, na jan bulo, mai ƙaramin ƙarfi kuma yakan kashe na'urar ɗumama gida don tsoron kuɗin gas, ya shanya wanki a ɗaki, ya rufe taga. A watan Janairu nakan zagaya da kaina, in ja kabad daga jikin bango in haska fitila a bayansa. Nan funfuna ke fara fitowa, baƙa-ƙirin, da wani wari da ke kama hanci. A Rochdale, nan kusa da mu, yaro mai shekara biyu Awaab Ishak, ɗan wasu 'yan asalin Sudan, ya rasu a Disambar 2020 saboda funfunar gidan da suke haya, bayan mahaifinsa ya sha kai ƙorafi. Tun daga nan ba na sauraron mai gidan da zai ce laifin ɗan haya ne. A sa fanka mai zuƙe tururi a banɗaki da kicin, a gyara inda ruwa ke shigowa, sannan a yi maganar buɗe taga.

Sabuwar dokar nan ta haƙƙin 'yan haya ta 2025, wadda aka tsayar da 1 ga Mayun 2026 don fara aiki da manyan sassanta, ta soke korar ɗan haya ba tare da dalili ba, ta kuma hana karɓar hayar fiye da wata guda a gaba. Wasu daga cikin masu gidajenmu sun tsorata, suna maganar sayarwa. Ni damuwata tana kan wanda ba shi da mai tsaya masa, domin dillalai za su ƙara matsa wa kan neman mai lamuni, kuma mai tallafi da wuya yake da ɗan'uwa mai albashin da za a yarda da shi. Ƙananan hukumomi da dama suna da tsarin tsaya wa irin waɗannan mutane kan kuɗin ajiya, kuma mu muna karɓar takardarsu a madadin mai lamuni.