Lahadi a tudun Kenley

Yanzu na idar da isha, na shafa man zafi a gwiwa, na jawo kwamfuta. In ban rubuta abin yau da ɗuminsa ba, gobe aiki zai share shi daga kaina.

Shekara shida ke nan ina zaune a Croydon a kudancin Landan, amma sai yau na taka Kenley, tsohon sansanin jiragen yaƙi na Ingila, alhali 'yan tashoshi ne kawai a jirgin ƙasa. Ɗan yayata da ya zo karatu yana hutu a wurina, kuma tun jiya muka ajiye magana a kan ƙarfe goma za mu fita. Sha ɗaya ta gota yana neman takalmi. Na yi masa faɗa tun daga bakin ƙofa har tasha, na ce mutumin da bai riƙe lokaci ba babu abin da zai iya riƙewa. Ya yi shiru yana ta "to Kawu, to Kawu", irin ton da ba ta shiga kunne.

A Whyteleafe muka sauka muka kama hawa. Tudun nan ba na wasa ba ne, sau biyu ina tsayawa kamar mai duba waya, alhali numfashi nake nema. Da muka fito daga cikin itatuwa sai ga fili shimfiɗe, ciyawa iya ganinka, ga tsohon titin jirgi ya ratsa tsakiya. Mata da karnuka, yara a kan kekuna, wani dattijo yana cin burodi a kan benci. Can gefe ana jan wani jirgi marar inji da doguwar waya, ya ɗaga sama tsit, sai ɗan fito da iska ke yi a fukafukansa. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, nan ne wurin yaƙin?" Na ce nan ne.

Mu a gida yaƙin Hitila muka tashi muna ji a bakin tsofaffi, a dunƙule, kamar wata guguwa da ta wuce can nesa. A nan kuwa ana iya nuna maka rana da minti. Lahadi ce ita ma, 18 ga Agusta 1940. A lokacin Kenley na cikin manyan sansanonin jiragen da ke tsaron Landan ta kudu, ƙarƙashin rukuni na 11 na sojan saman Birtaniya, wanda Keith Park ke jagoranta, kuma a nan ɗakin da ake ba matuƙa umarni ta rediyo yake. Jamusawa suka ɗora wa rundunarsu ta jiragen bam mai lamba 76 aikin rusa shi da rana tsaka.

Tsarin nasu na yi ta juya shi a raina yau. Kashi uku ne, minti biyar-biyar tsakani. Jirage 12 ƙirar Junkers 88 za su fara sulmiyowa daga sama su daki rumfunan jirage da gine-gine. Bayansu Dornier 27 su yi ruwan bam daga can ƙololuwa, su farfasa titin, su rufe bakin bindigogin kakkaɓo jirage. Sannan a ƙarshe Dornier tara, ƙarƙashin Kyaftin Joachim Roth, su zo ƙasa-ƙasa su ƙarasa abin da ya saura. Wato su taran nan 'yan kala ne, za su shigo gona bayan an gama girbi. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Sai dai tsari ne da ya rataya a kan cewa sama za ta bi agogon mutum.

Gajimare ya rufe arewacin Faransa. Manyan ayarin biyu suka ɓata lokaci wajen hawa da haɗuwa da jiragen rakiya, suka makara da 'yan mintoci. Su kuwa taran da suka tashi daga Cormeilles-en-Vexin, arewa maso yamma da Paris, babu ruwansu da gajimare tunda a ƙarƙashinsa suke tafiya. Suka ratsa teku kusan suna shafar ruwa don kada rada ta hango su, kuma ba ta hango su ba. Abin da ba su kauce masa ba shi ne idon mutum. Masu gadin gaɓa a Beachy Head, da madubin hangen nesa da wayar tarho, suka gan su suka buga. Daga nan kowane wurin gadi yana miƙa labari ga na gaba, su kuma suna bin layin dogon Brighton zuwa Landan kamar mai bin sawun shanu. Kafin su iso, jiragen Spitfire da Hurricane na Kenley masu lafiya sun tashi, masu bindiga sun zauna a kan bindigoginsu, an kuma taso Hurricane na runduna ta 111 daga Croydon, unguwar da nake kwana a cikinta.

Wajen ƙarfe ɗaya da minti 22 Dornier taran nan suka ɓullo ta kudu, ta kan Caterham. Ba hayaƙi, ba gobara, ba ramin bam ko ɗaya. Fili lafiya lau yana jiransu.

Mun bi titin da ya kewaye filin, har muka zo ɗaya daga cikin shingayen da ake ajiye jirage. 12 aka gina, kowanne ganuwa ce ta ƙasa da bulo mai ɗaki biyu, jirgi ɗaya nan ɗaya can, da maɓoyar mutane a bayanta. Na shiga na tsaya a tsakiyar ɗaya, na ɗaga kai wajen kudu. Akwai hoton da wani mai ɗaukar hoto na soja, Rolf von Pebal, ya ɗauka daga cikin ɗaya daga jiragen taran, ana ganin Spitfire a zaune cikin irin wannan shinge, kusa ƙwarai kamar daga saman bene aka leƙo shi. Tsayin da suke tafiya bai wuce na giginya ba. Kowane jirgi na ɗauke da bam 20 masu nauyin kilo 50, an gyara musu kunamar yadda za su tashi ko daga mita 15 aka sake su.

Yaron ya ciro waya ya yi lissafi, abin da ya fi iyawa ke nan. Ya ce jirgin da ke gudun kilomita 360 a awa yana cin mita 100 a daƙiƙa ɗaya, ke nan filin nan da muka share fiye da rabin awa muna kewaya gefensa, su cikin daƙiƙa goma suka ratsa shi. Na yi shiru. Na ƙirga goma a zuci ina kallon wata mata tana kiran karenta. Kafin karen ya juyo na kai goma.

A gefen arewa muka zauna, don a nan ne abin da ya fi ba ni mamaki yake. Turawan Ingila sun jera wasu rokoki a ƙasa, kowace tana ɗaure da igiyar ƙarfe mai tsawon kusan mita 150. In an danna, rokar ta yi sama da igiyar, lema ta buɗe a samanta, igiyar ta rataye a iska kamar labule. Jirgin da ya ci karo da ita, sai lema ta biyu ta buɗe a ƙasan igiyar, su biyu su finciko fiffiken. Tarko ne zalla, irin wanda yaro zai ƙirƙira don kama tsuntsu, sai dai an yi shi da ƙarfe. Ɗaya daga cikin taran, jirgin Johannes Petersen, wanda harsashi ya riga ya kunna masa wuta, ya faɗa cikinsa, ya rikito kan wani gida a bayan filin. Mutum biyar ne a ciki, babu wanda ya fita.

Azahar ta yi muna nan. Na duba agogo, ɗaya da kwata ta ɗan wuce. Muka yi alwala da ruwan gora, muka shimfiɗa rigunan sanyinmu a kan ciyawa. Ban shirya haka ba, makararmu ce ta kawo mu daidai lokacin, amma da na yi sallama na tuna cewa a irin wannan sa'a ce, rana na daidai inda take yanzu, mutane ke gudu zuwa maɓoya a wurin da goshina ya taɓa. Likitan sansanin na cikin waɗanda suka mutu, bam ya samu maɓoyar da ke kusa da asibitinsu. Mutum wajen goma aka rasa a ƙasa.

Muna cin ɗan abincin da muka ƙunso na ƙarasa masa labarin. Jirgin Roth ya kama da wuta, matuƙinsa Rudolf Lamberty ya kwantar da shi a wata gona a Leaves Green kusa da Biggin Hill, aka kama su duka, wasunsu da ƙuna a jiki. Biyu suka lallaɓa har teku, injinansu suka mutu, suka faɗa ruwa. Biyu suka yi saukar ƙirji a Faransa. Cikin mutum 40 da suka tashi, 8 sun mutu, 5 sun zama fursunoni, kuma babu jirgi ɗaya cikin taran da ya koma ba huda a jikinsa.

Yaron ya ajiye cokali, ya ɗan sunkuyar da kai irin na mai neman tsokana cikin ladabi. Ya ce, "Kawu, Allah ya huci zuciyarka, amma in na fahimta daidai, waɗanda suka zo a kan lokaci su ne suka sha wuta."

Na buɗe baki na rufe. Na ce masa ai makarar wasu ce ta kashe su, ba cika alkawarinsu ba. Ya ce "haka ne Kawu", yana danne dariya. Na ƙyale shi, don ya ci wannan. Amma tun a jirgin dawowa nake tauna maganar, kuma ni a ganina laifin ba na masu makara ba ne, ba na masu sammako ba. Na wanda ya zauna a ofis ya ɗinka rayukan mutum arba'in a kan tazarar minti biyar ne, bai bar musu wata hanya ba in abin ya goce. Ga shi kuwa ya goce ta ko'ina. Dornier 27 ɗin sun iso daga baya sun zubar da bam, da yawa a kan unguwannin da ke kewaye. Junkers ɗin da ya kamata su buɗe fage su ne na ƙarshe, suka tarar hayaƙi ya rufe Kenley ba sa ganin abin da za su daka, suka juya suka sauke kayansu a West Malling. Na farko ya koma na ƙarshe, na ƙarshe ya koma na farko.

Akwai mutum ɗaya a cikinsu da na kasa cirewa daga raina, ko da yake ɓarna ya zo yi. Harsashi ya samu matuƙin jirginsu, Hermann Magin, a ƙirji, suna dab da ƙasa. Wilhelm Illg, wanda aikinsa duba hanya ne ba tuƙi ba, ya miƙa hannu ta kan mutumin da ke zubar da jini ya ja sandar tuƙi, jirgin ya ɗaga. Aka janye matuƙin daga kujera, shi ya zauna, ya ƙetare teku, ya yi ta kewaya fili har ya samu ya sauka a Saint-Omer. Magin bai kai asibiti da rai ba. Illg ya samu babbar lambar yabo ta sojan Jamus. Ban san abin da zan yi da irin wannan labari ba. Jarumtaka ce, babu musu, kuma a hidimar mugun mulki aka yi ta.

Me suka samu? Rumfunan jirage uku sun ƙone ƙurmus, jirage da dama sun lalace a ƙasa, an katse wayoyin tarho. A ido ɓarna ce babba, hayaƙin ma daga nesa ake hango shi. Amma cikin 'yan awoyi an cike ramuka, jirage sun ci gaba da sauka da tashi, don Hurricane ba ta buƙatar rumfa kafin ta tashi, mai da harsashi da shimfiɗaɗɗen wuri kawai take so. Abin da ya fi tsorata Turawan Ingila shi ne ɗakin umarnin nan da ya tsallake rijiya da baya. Ba da jimawa ba suka kwashe shi daga filin suka mayar wani shagon mahauci da ba kowa a Caterham. Na yi dariya ni kaɗai da na tuna wannan: ana juya yaƙin sararin Landan daga inda ake rataye naman alade. Ranar dai ita ce aka fi asarar jirage a ɓangarorin biyu in an haɗa, a duk fafatawar bazarar 1940, kusan 70 na Jamus, kuma bayanta ba su cika sake turo jiragen bam ƙasa-ƙasa irin haka ba.

Kafin mu sauko mun tsaya a wurin tunawa da aka gina cikin ɗaya daga shingayen, farin dutse da siffofin mutum uku, matuƙi da makanike da mace ma'aikaciya, da jerin lambobin rundunonin da suka zauna a nan. Wani ya ajiye furanni sun fara bushewa. Yaron ya ɗauki hoto zai tura wa uwarsa, ya ce in tsaya a ciki, na ƙi, ya ɗauka duk da haka. Na fito ina hararar gefe, hula a karkace.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Mun isa tasha jirgi na rufe ƙofa, muka zauna jiran na gaba kusan rabin awa. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Gobe ƙarfe shida zan fita, ga kwanukan miya can a wurin wanki ya ce zai wanke da safe.