Da azumi a bakinsa ya zo

Shagona na buga takardu ne da ɗaukar hoton fasfo a Kano. Duk aikin da muka yi wa mutum muna ajiye shi a wata tsohuwar kwamfuta mai manhajar Ubuntu, wani nau'in Linux, da ke ƙarƙashin teburina, domin mutane suna dawowa. Kuma in sun dawo, da wuya ka samu wanda ya riƙe sunan fayil. Lokaci suke tunawa.

Wani dattijo ya shigo neman takardar cinikin gona da muka buga masa, tasa ruwa ya ɓata ta. Na ce, "Baba, da wane suna aka ajiye ta?" Ya ce, "Ɗana, ina zan sani? Na dai san da azumi a bakina na zo." Muka lissafa tare, ya kama azumin 2024, wanda aka ɗauka ranar 11 ga Maris, aka yi Sallah 10 ga Afrilu. Sai na buɗe tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, na sa find, umarnin neman fayil, ya duba /ajiya, inda muke ajiye ayyukan:

find /ajiya -type f -newermt "2024-03-11" ! -newermt "2024-04-10"

Wato a fito mini da duk fayil ɗin da aka taɓa cikinsa daga ranar farko, a cire wanda aka taɓa daga ta biyu zuwa gaba. A nan yarana suka fi tuntuɓe. In ka ba da kwanan wata babu awa, find yana ɗaukarsa ƙarfe sha biyun dare, farkon ranar. Saboda haka ranar da ka sa a ƙarshe ba ta shiga lissafi. Mai son aikin 9 ga Afrilu ya fito, 10 zai rubuta. Na ƙara -iname "*.docx" don takardun Word kawai su fito, hotuna su kauce, kafin dattijon ya gama labarin gonar takardarsa na kan allo.

Akwai masu amfani da -mtime, wani zaɓi na find mai ƙirga kwanakin fayil, ni dai ba na son sa a irin wannan aiki. Yana ƙirga awa 24-24 ne baya daga lokacin da ka danna, ya watsar da guntun da ya rage, shi ya sa -mtime +7 ba zai nuna maka fayil mai kwana bakwai da rabi ba. Ga share tsofaffin fayiloli ya yi, amma ba ga neman takardar mutum ba.

Duk wannan yana aiki ne in kwanan watan da ke jikin fayil ɗin gaskiya ne. Lokacin da muka sauya hadi-dis, wani yarona ya kwashe aikin kusan shekara biyu da umarnin kwafi na cp -r kawai. Kowane fayil ya ɗauki ranar da aka kwafe shi. Ba laifinsa ba ne, ni ne ban nuna masa ba, kuma har yau in an nemi aikin wancan lokacin sai mun bi ɗaya bayan ɗaya. Tun ranar, da rsync -a ko cp -a muke kwafi, su suna barin lokacin yadda yake. Tsohon aiki kuma ba a gyara shi a mazauninsa, sai a kwafo, don da zarar ka adana gyara ranar ta koma yau.

Batirin agogon kwamfutar, ɗan ƙaramin CR2032 ɗin nan, shi ma ina sa masa ido. In ya mutu aka ɗauke wuta, agogo na iya komawa baya, aikin yau ya shiga da ranar ƙarya. Shi ya sa kowace safiya, kafin a karɓi aikin kowa, wanda ya buɗe shago zai rubuta umarnin date ya duba ranar da kwamfutar ke nunawa.