Milimita guda ta ci min mako uku

Jama'a, lensin nan Helios 44-2 ya kai nesa a kan kyamarata Nikon D3200, wato yanzu abin da ke can nesa ma yana fitowa tas! Jiya da daddare na tabbatar, shi ya sa na kasa yin shiru.

Kun san inda gizo ke saƙar. Tazarar da ake buƙata daga gindin lensi zuwa sensa (farantin da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara) a tsarin M42 na Helios milimita 45.46 ce, ta tsarin Nikon F na kyamarata kuwa 46.5, ga kaurin adaftar da ke haɗa su a kai. Lensin na zaune can gaba da inda ya kamata, don haka fuskar mutum a kusa sai ta fito tas, amma abin da ke tsallaken titi sai dishi-dishi. Masu Canon EF da tazararsu 44, ku dai ku gode wa Allah.

Da farko na bi hanyar ragwaye, na sayi adafta mai gilashi a ciki. Naira dubu 14 har da kuɗin aike, kuma har yau abin na min ciwo. A f/2, wato idan an buɗe lensin gaba ɗaya, hoton kamar an shafa wa gilashi man kaɗanya. To me ya kai ni sayen wannan lensi 58mm na Rasha in ba don wannan murɗaɗɗen bayan hoto da yake bayarwa a buɗe ba? Na jefa adaftar durowa.

Sai na kwance lensin. Ka riƙe gindin, ka murɗa gaban da ƙarfi, sashen gilasan gaba ɗaya zai fito, a ƙarƙashinsa akwai siririn zoben ciko da masana'anta ta saka. Na cire, na mayar. Lambobin buɗewa suka karkace gefe, ban damu ba. Fokas ya ƙaru, amma bai kai ba.

Nan na koma kan adafta marar gilashi da samfefa, kuma nan na tafka wauta: ɓangaren da ke manne da kyamara na goge. Da na ɗaura sai ga ta tana girgiɗi kamar haƙorin tsohuwa. Don Allah ɓangaren lensi ake ci, kada wani ya maimaita. Adafta ta biyu na kai Panteka, wani dattijo mai injin yankan ƙarfe ya sassaƙe min fuskarta daidai wa daida. Da na ce saura kaɗan, ya ce, "Yaro, ƙarfe ba ya dawowa in an cire." Na ce, "Baba, ƙara dai."

Na dawo na auna hasumiyar masallacin Sultan Bello daga nesa, har yanzu dishi-dishi. Kwana huɗu ina zargin lensi, har na ɗauko samfefa zan ƙara ci. Allah ya taimake ni na ɗaura lensin 18-55 da ya zo da kyamarar, shi ma haka ya nuna. Ashe hazon hunturu ne yake min wasa da hankali! Da dare na auna jar fitilar wata eriya can nesa, ta dunƙule ta zama ɗigo guda, har da ɗan rarar juyi.

Madubin cikin kyamara fa, ba zai bugi bayan lensin ba? Na shafa tawadar alƙalamin maka a bakin zoben bayan lensin, na ɗauki hoto 20 a nesa, babu alamar gogayya. Amma kyamarata ƙaramar sensa ce. Mai babbar sensa ya gwada a hankali, madubinsa ya fi girma.

Sauran giris ɗin da ya daskare, yana sa zoben fokas tauri da sanyin safiya. Wa ya san inda zan samu marar kauri a nan Kaduna?