Feshin minti biyu da ya cinye min aikin wata huɗu

Gwangwanin banish ɗin nan, ruwan feshin da ake bin fenti da shi don ya kare shi, har yau yana kan kanta. Na ƙi jefar da shi, kuma duk sanda idona ya faɗa kansa sai raina ya sosu.

Aikin da ya ɓata min shi ne fentin wasu sojoji 30 na roba, masu tsayin milimita 28, na Bolt Action, wasan yaƙi na kan tebur da kamfanin Warlord Games ke yi a Nottingham ta Ingila. Abokina da ke karatu can ya taho min da su. Sojojin Birtaniya ne a kwalin, amma ni tun farko na ƙudurta namu zan mayar da su, mutanen Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da suka gwabza da Japanawa a kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944. Kakana ya je yaƙin nan. Mutane na wuce Barikin Chindit a Zariya ba su san daga can yaƙin Bama sunan ya zo ba.

Fatar jiki ta fi ba ni wahala. In ka shafa baƙin fenti zalla, gawayi za ka samu, fuska ta ɓace. Sai da na koyi fara wa da ruwan ƙasa mai duhu, in ɗan surka ja, sannan in taɓa goshi da kan hanci da kumatu da mai haske. Kullum bayan sallar isha'i nake zama, da fitilar caji saboda halin 'yan NEPA. Uwargida kan leƙo ta ce, "Baban Ummi, har yanzu kana kan 'yan tsanar taka?"

Ranar da abin ya faru, wata Asabar ce cikin Agusta. Ruwa ya kwana yana zuba a Unguwar Rimi ta Kaduna, bai ɗauke ba sai bayan la'asar. Ɗoki ya ɗebe ni, na jera su duka talatin a kan kwali a baranda, na ɗan girgiza gwangwanin sama-sama, na feshe su. Banish ne marar ƙyalli, wanda ake rufe aiki da shi don kada hannu ya goge fenti wajen wasa. Na shiga na ɗauko shayi. Ina fitowa na tarar da su fari fat, kamar an barbaɗe su da garin rogo. Fuskokin da na ɓata dare a kansu, koren kaki, igiyar bindiga, duk sun shige ƙarƙashin hazo.

Laima ce. Feshi yana fitowa da sanyi, danshin da ke cikin iska ya taru a kansa, banish ya bushe ya kulle shi a ciki. Rashin girgiza gwangwanin sosai ma ya ƙara. Abin haushin, na san wannan! Na sha karantawa. Da cokalin roba ɗaya na fara gwadawa, ko soja guda, da minti goma sun ishe ni ganin abin da zai faru. Talatin na jera.

Na ceto 19. Banish mai ƙyalli na bi su da shi da burushi, ya cike ƙananan ramukan da ke sa farin, launi ya dawo, ko da yake ba kamar da ba. Sauran 11 da suka fi shan feshin sai wanka. Na jiƙa su a ruwan Dettol suka kwana, don yana cire irin wannan fenti ba tare da ya ci roba ba. Nan ma na sake yin wauta: na kai su bakin famfo tun fentin bai gama fita ba. Ruwa na taɓawa ya zama danƙo, ya manne a yatsu da jikin sojojin kamar cingam. Ashe a cikin Dettol ɗin ake gogewa da tsohon burushin haƙori, a bi da sabulun wanke-wanke, ruwa ya zo a ƙarshe. Sati guda ɗakin yana warin asibiti, uwargida kuwa ta samu abin tsokana.

Kada wani ya ce min in jira hunturu. Na gwada fentin farko a Janairu, iska ta bushe ƙayau, fenti ya bushe tun bai sauka ba, jikin soja ya yi kaushi kamar an birgima shi a yashi, ga ƙura tana binsa. A Kaduna lokacin feshi kaɗan ne, ni dai na fi yarda da safiyar ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Ko shi ɗin ma na haƙura. Yanzu da burushi nake shafa banish, soja ɗaya bayan ɗaya, a cikin ɗaki, taga a rufe.

Daga cikin sha ɗayan nan na sake fentin bakwai. Uku na jiran layi. Na ƙarshen, wani saje mai ɗaga hannu, shi ne wanda fuskarsa ta fi yin kyau a karon farko, kuma sau biyu ina ɗaukar burushi a kansa ina ajiyewa.